Daga ƙurar Arlit zuwa magangarar ruwan Timia: Tafiyar da 'yan gida ba su cika yi ba

A garin Arlit ba daga sama ake sa ran ruwa ba. Wanda ake sha da wanda ake sarrafa yuraniyom da shi duk daga ƙarƙashin ƙasa ake zuƙo su, daga wani tsohon ruwa da ya taru tun zamanin da Sahara take da ciyawa da tafkuna. Ruwan saman da ke sauka a garin a shekara ba ya kai milimita 100, wata shekarar ma da yatsun hannu ɗaya za a ƙirga ranakun da aka yi shi. Shi ya sa baƙon da ya sauka a tashar mota, ƙura ta yi masa fari fat, ba zai yi saurin yarda ba idan aka ce masa a bayan duwatsun can na gabas akwai wurin da ruwa ke faɗowa daga kan dutse, ya taru a tafki mai sanyi, kusa da lambunan lemo da rumman da inabi.

Wurin shi ne Timia, a tsakiyar duwatsun Abzin, kudu maso gabas da Arlit. In da a miƙe za a bi, tazarar ba ta kai kilomita 200 ba. Garin yana bakin gandun Abzin da Tenere, ɗaya daga cikin manyan wuraren da aka keɓe don kare halittu a nahiyar Afirka, mai faɗin hekta miliyan 7.7, wato ya fi jihar Borno girma. Shekaru da dama hoton magangarar ruwan Timia na cikin abubuwan da kamfanonin yawon buɗe ido ke nuna wa Turawa don su sayi tikitin Agadez. Yau Turawan ba sa zuwa. Mutanen Arlit da Akokan kuwa, waɗanda suka fi kusa da wurin, da yawansu lemon Timia kawai suka sani a kasuwa, ba su taɓa ganin ruwan da ya raya shi ba.

Dutse ɗaya, arziki biyu

Abin da ya haɗa garuruwan biyu ya wuce maƙwabtaka. Masana ilimin ƙasa galibi sun tafi a kan cewa yuraniyom ɗin da ake haƙa a Arlit daga duwatsun Abzin ya fito. Koguna ne na zamanin da, miliyoyin shekaru kafin a san ɗan Adam, suka riƙa zaizayar duwatsun suna kwasar ma'adinin zuwa yamma, ya kwanta a cikin yashin da daga baya ya daskare ya zama dutse. A 1957 aka fara gano shi a Azelik lokacin da Faransawa ke neman tagulla. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka gina garin Arlit saboda shi, haƙa ta kankama a 1971. COMINAK ya biyo baya a 1974, ya fara fitar da ma'adini a 1978 daga ramin Akuta mai zurfin kusan mita 250, kuma a gefensa Akokan ya tashi.

Ruwan Timia ma aikin duwatsun ne. Idan damina ta kai ƙarfinta a Yuli da Agusta, iskar da ke ɗauko danshi daga kudu kan ratsa filayen Damargu ta iso Abzin da ɗan abin da ya rage mata. Tsaunukan, waɗanda mafi tsawonsu a Bagzan ya kai mita 2,022, su ne ke tare ta su tilasta mata ta zubar. Ruwan kan sauka a kan dutse tsirara, babu ƙasar da za ta shanye shi, sai ya gangara gaba ɗaya cikin ƙoramu, waɗanda a can ake kira kori. Ƙoramar da ta yi wata tara a bushe tana iya cika cikin sa'a guda, ta zo da itatuwa da duwatsu, washegari kuma a tarar da yashi mai laima kawai. Amma ruwan bai tafi duka ba. Yashin ƙoramar ya sha rabonsa ya ɓoye, kuma daga nan rijiyoyin lambu ke samun abin da suke bayarwa har wata daminar. Inda ƙoramar ta ci karo da baƙin dutsen da aman wuta ya bari, sai ta faɗo daga sama. Magangarar ke nan.

Hanyoyi biyu, babu mai sauƙi

Mai tashi daga Arlit yana da zaɓi biyu. Na farko ya nufi gabas ta Gugaram zuwa Iferwan, tafiyar kimanin kilomita 160, ya kwana, sannan ya juya kudu ta cikin duwatsu. Na biyu ya gangara Agadez ta hanyar da ake kira titin yuraniyom, kilomita kusan 240, daga can ya hau arewa maso gabas ta Dabaga da Elmeki, wasu kilomita 220 ɗin.

A takarda hanya ta biyu tana da kwalta a rabinta na farko. A ƙasa kuwa titin da aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 don fitar da yuraniyom ya daɗe da mutuwa a wurare da yawa, har direbobi kan gwammace su sauka su bi gefensa cikin rairayi. Wannan titi yana cikin manyan koke-koken mutanen jihar Agadez: ma'adinin da ya haska biranen Faransa ta nan ya bi, amma tafiyar da ta kamata ta ɗauki sa'o'i uku takan ci mafi yawan yini. Abin da ke rage wa matafiyi haushi shi ne Dabus, 'yan kilomitoci daga titin, inda aka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse. Babban ya haura mita biyar, kuma masana na ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6,000 zuwa 8,000. Duk wanda ya tsaya a kansu zai gane cewa wanda ya yi aikin ya san dabbar da idonsa, a nan inda yanzu akuya ma sai ta yi yawo kafin ta ƙoshi.

Hanyar Iferwan ta fi wahalar da mota amma ta fi ciyar da ido. Garin yana gindin tsaunin Tamgak, shi ne mahaifar Brigi Rafini wanda ya yi firaministan Nijar daga 2011 zuwa 2021, kuma tun 2011 shi ne babban garin gundumar da Timia ke cikinta, bayan an cire ta daga gundumar Arlit. Tsakanin Iferwan da Timia akwai kufan Asode, tsohon babban birnin Abzinawan Kel Owey. Garin ya riga ya fara mutuwa tun ƙarni na 19, yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar da Faransawa suka yi bayansa suka ƙarasa watsa mutanen yankin. Ganuwar gidaje na dutse da ragowar babban masallaci suna nan tsaye, babu mai gadi, babu allon bayani, sai fasassun tukwane a ƙasa.

Ko ta ina aka bi, ƙaramar mota ba ta zuwa. Sai kat-kat, irin su Land Cruiser da Hilux, ko manyan motocin da ke kai kaya su ɗauko albasa. Direban da ya san hanya ba ya tashi sai da jarkokin mai da na ruwa da tayar safaya biyu, kuma ba ya shiga ƙorama don ya ga sararin sama garau a kansa. Ruwan da ya sauka a wani tsauni mai nisa shi ke zuwa ba sallama. Mutanen Agadez ba su manta ambaliyar farkon Satumban 2009 ba, wadda ta rushe dubban gidaje a birnin cikin dare ɗaya.

A gaban ruwan

Magangarar tana 'yan kilomitoci kafin a shiga Timia ga wanda ya fito daga Agadez. Mota kan bar hanya ta bi yashi har inda dutse ya tare gaba. Daga nan sai ƙafa. Bangon dutsen ya yi zobe kamar an gina shi, baƙi, mai tsage-tsage, ruwan kuma yana fitowa ta wata tsaga a sama, ya sauko mataki-mataki ya zuba a tafkin da Abzinawa ke kira agelmam. Abu na farko da mutum ke ji ba ƙarar ruwan ba ce, sanyin da ke fitowa daga cikin inuwar ne.

Gaskiya ɗaya ce: wanda ya san Gurara a jihar Neja, ko Matsirga a Kafanchan, ko Farin Ruwa a Nasarawa, idan girma ya zo nema zai koma da ƙorafi. Ruwan Timia ba ya ruri duk shekara. Bayan an yi ruwa mai ƙarfi yakan zubo da fushi, ja wur da laka, ba mai iya matsawa kusa. Idan ya lafa sai ya yi garau. Daga nan ya riƙa sirancewa, har a tsakiyar rani ya koma kamar igiya a jikin dutse, wani lokacin ma danshi kawai. Tafkin ne ba ya saurin ƙafewa. Darajar wurin tana ga inda yake. Mutumin da ya yi yini biyu yana kallon baƙin dutse da ƙaya, leɓensa ya tsage, shi ne ya san abin da ake nufi da a ce ga ruwa yana zuba ba famfo ba inji.

Wurin kuma ba na 'yan kallo kaɗai ba ne. Mata makiyaya kan biyo da awakinsu, masu raƙuma kan ratso, tsuntsaye kan sauko da hantsi. Baƙon da ya tuɓe ya faɗa ruwa a gaban mata da dattawa ya yi abin kunya, wanda ya shiga da sabulu ko ya bar leda da gwangwani kuwa ya ɓata wa wasu abin sha. Jagororin da suka yi aiki da Turawa sun saba faɗin wannan tun kafin a sauka daga mota, kuma ba Turawa kaɗai ke bukatar a faɗa musu ba.

Akwai wata matsala da babu yadda za a yi da ita. Lokacin da ruwan ya fi kyau shi ne lokacin da hanya ta fi muni. A Agusta mota na iya kwana biyu a bakin ƙorama tana jiran ruwa ya janye. A Disamba da Janairu hanya ta bushe, lemo ya nuna, iska ta yi daɗi da rana, amma ruwan ya ragu, dare kuma na zuwa da sanyin da mutumin Kano ko Maraɗi bai saba da shi ba. Yawancin hotunan da Turawa suka ɗauka na lokacin sanyi ne, domin a lokacin jiragensu ke zuwa. Wato ainihin magangarar, a cikin ƙarfinta, mutanen garin ne suka fi saninta.

Garin da Hausa ba baƙuwa ba ce

Daga magangarar hanya na shiga cikin faffaɗar ƙoramar Timia, lambuna a gefe da gefe. Dabino a sama, lemon zaƙi da na tsami da rumman da ɓaure a tsakiya, a ƙasa kuma alkama da masara da albasa da tafarnuwa da tumatir, gwargwadon lokaci. A da raƙumi ko sa ne ke jan guga ta kan wata ƙafar itace da ake kira tekarkart, yana tafiya yana dawowa, ruwa na kwarara cikin magudanai. Yanzu injin ban-ruwa ya karɓe yawancin aikin. Injin ya faɗaɗa lambuna ya ƙara kuɗi, amma yana zuƙar ruwa fiye da yadda raƙumi zai taɓa iyawa, kuma rijiyar da ke ƙarƙashin yashi damina ɗaya ce ke cika ta a shekara. A kan tsaunin da ke kallon garin akwai wani ƙaramin barikin soja da Faransawa suka gina a farkon shekarun 1950, ana ce masa Fort Massu. Daga can ake ganin yadda koren ya bi ƙorama kamar zare, ko'ina kuma dutse.

Ƙaramar hukumar Timia tana da mutum kimanin 19,000 a ƙidayar 2012, mafi yawansu Kel Owey. Bahaushen da ya je can ba ya bukatar tafinta. Dalili kuwa ayari ne. Tun kaka da kakanni mazan Timia kan tashi da raƙuma bayan damina su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, su sayo kantun gishiri da dabino, su dawo gida su ɗan huta, sannan su gangara kudu zuwa Damargu da Tasawa da Damagaram har ƙasar Kano. A can suke yin watanni, raƙuma na cin karan gona, su kuma suna sayar da gishiri suna sayen gero. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zauna a Abzin a 1850, da ayarin gishirin Kel Owey ya gangaro kudu kafin ya shiga Kano a farkon 1851. Dangantakar ma ta girmi wannan: tarihin Gobirawa na cewa a Abzin suka zauna kafin su sauko inda suke yanzu.

Motoci sun rage wa ayarin ƙarfi, amma bai mutu ba. Baƙo kuma har yau da abincin matafiya ake tarbarsa: gero da aka daka da cuku da dabino aka dama, gurasar tagella da ake gasawa cikin yashi da garwashi, da shayi zagaye uku wanda ba a tashi kafin a gama.

Shekara fiye da 30 a jerin masu haɗari

An kafa gandun Abzin da Tenere a 1988, aka keɓe kusan kashi ɗaya cikin shida na faɗinsa a tsakiya don kare addax, wata farar dabbar hamada dangin mariri, aka hana kowa shiga. A 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, tana lissafa nau'in dabbobi masu shayarwa 40, tsuntsaye 165 da tsirrai fiye da 350. Shekara ɗaya kacal bayan haka ya koma jerin wuraren da ke cikin haɗari, bayan tawaye ya ɓarke an kuma kama ma'aikatan gandun shida a watan Fabrairun 1992. Har yanzu bai fita daga jerin ba.

Abin da aka rasa a tsakani ba kaɗan ba ne. Addax ɗin da aka yi wa shinge a taswira an daina ganinsa a wurin. Jiminar Abzin mai jan wuya, wadda garkenta na cikin na ƙarshe da suka rage a Afirka ta Yamma, bindiga ta ƙarar da ita a shekarun tawaye, sai 'yan kaɗan da ake kiwo a killace a Iferwan. Barewar dama ta maƙale a tsaunin Takolokuzet, 'yan tsiraru. Waɗanda suka fi jurewa su ne ragon dutse da ƙaramar barewa da birai da ke cikin kwazazzaban Tamgak. Tun 2014, lokacin da zinariya ta ɓulla a Jado da Cibarkaten, masu nema suka bazu har cikin Abzin da na'urorinsu, kuma inda aka kafa sansani dole a sare itace a nemi nama. Jami'an gandun daji ƙalilan ne ke da alhakin ƙasar da ta fi wasu ƙasashe girma.

Wanda ya je Timia da fatan ganin namun daji kamar a Yankari zai sha mamaki. Abin da gandun ke da shi yanzu, wanda ba a iya harbewa, shi ne ƙasar kanta: tuddan rairayin Temet, da Arakaw inda yashi ya kutsa cikin zoben dutse, da duwatsun marmara masu shuɗi-shuɗi, da zane-zanen mutanen da a jikin duwatsu.

Yadda baƙi suka ɗauke ƙafa

A shekarun 1980 tseren motocin Paris zuwa Dakar ya sa sunan Agadez da Tenere a talabijin ɗin Turai. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadez ke ɗauke da sunansa, da kamfanin yawon buɗe ido ya fara suna kafin ya zama jagoran tawaye, ya rasu a haɗarin jirgi a Disamban 1995. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995 harka ta farfaɗo, jirage suka riƙa tasowa kai tsaye daga Faransa a lokacin sanyi. Zagayen da aka saba yi na mako ɗaya ko biyu ne, kuma da wuya ya tsallake Timia. Direba ya samu, jagora ya samu, haka mai dafa abinci da mai raƙumi da maƙerin azurfa da matar da ke saƙa tabarma. Injiniyoyin kamfanonin Arlit ma, a zamanin da ake yi wa garin kirari da Paris ta biyu, a cikin duwatsun nan suke hutun ƙarshen mako.

A watan Fabrairun 2007 ƙungiyar MNJ ta kai hari Iferwan, tawaye na biyu ya fara. An dasa nakiyoyi a hanyoyi, mutanen Iferwan suka watse, wasu zuwa Arlit wasu zuwa Agadez. Kafin a gama farfaɗowa daga wannan, a daren 16 ga Satumban 2010 aka sace mutum bakwai a cikin Arlit, Faransawa biyar da ɗan Togo da ɗan Madagaska, na ƙarshensu ba su samu kansu ba sai Oktoban 2013. A 23 ga Mayun 2013 kuma aka kai harin ƙunar baƙin wake barikin sojan Agadez da ma'aikatar SOMAIR a safiya ɗaya. Ƙasashen Turai suka shafa wa arewacin Nijar jan launi a taswirorinsu, kamfanonin inshora suka janye, jirage suka daina zuwa. Sace wasu mata biyu Turawa a birnin Agadez a 2025 ya ƙara rufe ƙofar. Baƙon da ya fito daga wata nahiya yanzu ba ya fita daji sai da izini da rakiyar jami'an tsaro.

Direbobin da suka san kowane tudu a Tenere ba su zauna ba. Wasu sun koma jigilar bakin haure zuwa Libiya har dokar 2015 ta haramta, kafin gwamnatin soja ta soke ta a Nuwamban 2023. Wasu sun tafi zinariya. Ilimin hanya da na rijiyoyi da aka tara don nuna wa mutane ƙasa ya koma hidimar wasu abubuwan.

Arlit na neman abin yi

Da a ce yuraniyom na nan yadda yake, da wataƙila babu wanda zai damu da wannan a Arlit. Amma a ranar 31 ga Maris na 2021 COMINAK ya rufe bayan ya fitar da tan kusan 75,000, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila da ba su da irin haƙƙoƙinsu. Ya bar tarin dusar ma'adini ta tan miliyan 20 a bayan Akokan, wadda kamfanin ya ce zai lulluɓe da yumɓu da dutse mai kaurin mita biyu. Ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen da cibiyar bincike ta CRIIRAD a Faransa sun shafe shekaru suna nuna damuwa kan abin da wannan ke yi wa iska da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Imuraren, wanda aka yi ta sa wa rai tun 2009, bai fara ba, gwamnati ta ƙwace lasisinsa daga Orano a Yunin 2024, sannan ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa a Yunin 2025. Garin da ke da mutum kusan 80,000 a ƙidayar 2012 yanzu ya dogara ne da ma'aikata ɗaya, da zinariya, da kasuwancin kan iyakar Aljeriya.

Babu mai hankalin da zai ce magangarar ruwa ɗaya za ta maye gurbin mahaƙa. Amma akwai abin dubawa a yadda aka gina harkar tun farko: an tsara ta ne don mai zuwa da jirgi, da farashinsa da harshensa da lokacin hutunsa. Ba a taɓa zama an yi lissafin malamin makaranta na Akokan, ko ɗan kasuwar Damagaram, ko iyalin da suka fito daga Katsina ba. Alhali mutanen nan suna tafiya idan sun ga dalili. Ruwan zafi na Tafadek, arewa da Agadez, ya daɗe yana karɓar masu ciwon gaɓoɓi daga nesa, suna zuwa da tabarminsu da tukwanensu su yi kwanaki ba tare da wani kamfani ya tallata musu ba. Bikin Abzin da ake yi a Iferwan tun 2001, da na Ingal, da Bianu na Agadez, 'yan ƙasa ne ke cika su yanzu. A Yamai kuma duk shekara mutane na layi a baje kolin manoman lambun Agadez don lemon Timia da dankalin Bagzan.

Abin da ke tsakanin waɗannan mutane da magangarar shi ne kuɗin hayar kat-kat, wanda sai an haɗa kai mutum shida ko bakwai yake sauƙi, da hanyar da ke cin taya, da tsoron 'yan fashin da ke tare motocin masu zinariya. Masu zuwa daga cikin ƙasa kan sanar da jandarmomi kafin su tashi, su tafi mota biyu ko fiye, su ɗauki ɗan yankin da ya san wace ƙorama ce ke da laka a ƙarƙashin yashinta. Mai tahowa daga Najeriya ta Damagaram da Tanut yake isa Agadez, ko ta Konni da Tawa da Abalak, kuma gara ya tambayi halin da hanya take ciki a makon da zai tashi, ba a watan da ya wuce ba.

Masu son su haɗa ruwa da hanya mai biyuwa kan zaɓi ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. A lokacin ƙoramu sun lafa, ciyawa ba ta gama bushewa a gindin duwatsu ba, ruwan kuma yana zuba garau. A makonnin ne mazan Timia ke tara ciyawar guzuri, suna gyaran igiyoyi da salkuna, suna kai raƙuma su sha su ƙoshi kafin su juya musu kai zuwa Bilma.